Taimin Biki a Hanyar Mubi

"Ƙara mata kaɗan, Injiniya. Kaɗan kawai."

Absalom bai ɗago kai daga cikin bonet ba. Hannu ɗaya na riƙe da distibuta, ɗaya na kan wayar totur, ya karkatar da kunne kamar mai satar jin hirar maƙwabta. Ya murɗa distibutar abin da bai wuce faɗin ƙwayar shinkafa ba, ya ja totur. Injin ya yi wani kuka da ya watsa tantabarun da ke kan kwanon garejin, salansa ta tofa wuta.

Bappayo ya daka tsalle har hularsa ta faɗa cikin baƙin mai. "Ita ce! Wallahi ita ce! Ɗaure a nan, soobajo, abokina, kada ka ko yi numfashi a kanta!"

Absalom ya sa sifana ya ɗaure notin.

Kunama ake ce wa motar, ta Bappayo ce. A ido tsohuwar Golf ce baƙa, amma injin da ke cikinta ba nata ba ne. Absalom ne ya dasa mata shi, ya sa aka kankare kansa don matsi ya ƙaru. Irin wannan inji ransa na hannun taimin, wato daidai lokacin da fulogi ke ba mai wuta. In wutar ta makara, mota ta zama raguwa. In aka ɗaga taimin, wuta ta tari fistin tun yana hanya, sai mota ta haukace da gudu, amma fa sai da fetur tsantsa. Wasu kanikawa na haska wata fitila su duba, wasu su karce alama da ƙusa don su san inda suka tsaya. Absalom ba ya yin ko ɗaya. Da kunne yake saiti, kuma duk Jimeta an san bakinsa a kan haka: alama ta masu koyo ce.

Tun farkon mako suke farautar wannan murya, domin ranar Asabar za a ɗaura auren Raliya, ƙanwar Bappayo, a unguwarsu Wuro Hausa, kuma bayan ɗaurin aure samari za su fita fili wasan mota. A bikin da ya wuce wani Umair na unguwar Shagari Lokos ya zagaye Bappayo da hayaƙin taya a gaban 'yan mata, har yau abin bai bar maƙogwaronsa ba.

Amma zuciyar Absalom ba ta wajen biki. Jiya Laraba Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, matarsa Keturah kuma tana can. Ta je wani kwas na malaman firamare da tsohon ciki, cikin da suka daɗe suna roƙon Ubangiji a kansa. Tun jiya wayarta ba ta shiga. Ya yi ta zarya a tasha yana leƙa duk motar da ta sauke mutane, har Bappayo ya zo ya ja shi da hannu. "Zo ka sa hannu a inji, in ba haka ba haukacewa za ka yi." Tun firamare suke benci ɗaya, shi ya sa ya bi shi.

Yana goge hannu da tsumma wayar ta yi ƙara a aljihunsa.

"Abso?"

Sifanar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. "Keturah! Yesu! Kina ina?"

Muryarta ta dishe kamar ta wata tsohuwa. Ta ce ta daji suka bi, ita da wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da ake kira Munirat. Yanzu sun fito bakin titi, a wani ƙauye gaba da Hong, suna gindin tsamiya kusa da rijiyar burtsatse. Takalminta ya tsinke tun a hanya, ƙafafunta sun kumbura.

"Ɗan fa?"

"Yana ta naushina. Halinka ya ɗauko." Ta yi tari. "Abso, ga wata motar shanu ta tsaya ana ta hawa. Munirat ta ce mu shiga."

Nan take ya hango abin a zuci: mutane a tsaye kamar an jera itace, gwiwar wannan a cikin wancan, ga ramukan hanya.

"Kada ki hau! Da wannan cikin? Matse ki za su yi ki haihu a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Zauna inda kike. Ga ni nan da Kunama, kafin ki huta na iso."

"Motar Bappayo mai tofa wuta?" Har ta ɗan yi dariya. "To ka gaya wa ɗan gatan nan kada ya kashe mini miji a hanya. Abso, cajina ya kusa..."

Wayar ta mutu.

Sai a lokacin Absalom ya tuna ya yi alkawari da motar da ba tasa ba. Ya juya. Bappayo ya kalli Kunama, ya kalle shi, ya sake kallon Kunama. Jinkirin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma Absalom ya gan shi.

"Shiga," in ji Bappayo. "Amma ni zan tuƙa."

Allurar mai na kwance, domin saitin da suka yi ta yi ya shanye tankin. Gidan mai na farko an ja sarƙa. Na biyu layi ya miƙe har ya sha kwana, ana ta dambe a bakin famfo, kowa na son ya cika tanki ko da gudun zai zo Yola. Ba su da zaɓi sai 'yan bumburutu na bakin gada.

Wani ƙaton mutum mai jar hula ya kinkimo jarka. Absalom ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya murza.

"Wannan da kananzir a ciki."

"Haba Oga! Orijina ne, ko jirgin sama zai sha."

"Jirgin ubanka."

"To je ka nemi wani. Yau ko ruwan Binuwai na zuba a jarka za a saya."

Gaskiya ya faɗa. Aka ɗura. Absalom ya zaro sifana daga aljihun baya, ya ɗaga bonet.

"Me za ka yi?" in ji Bappayo.

"Zan sauke taimin. Wannan man ba zai jure wutar da muka sa ba."

Bappayo ya zagayo da sauri ya dafa hannunsa. "Tsaya, tsaya. In ka kwance, ka sa alama?"

"Ka san ba na sa alama."

"To ta yaya za ta dawo kafin jibi? Tun Litinin muke nema!"

"Bappayo, matata ce a gindin bishiya."

"Shi ya sa! Shi ya sa nake cewa ka bari! In ka sauke, Kunama ta zama jaka. Kana son ka isa ko ba ka so? Ni zan lallaɓa ta, na san motata. Injin da kai ka haɗa da hannunka, ɗan kananzir ne zai kashe shi? Ashe aikin naka na banza ne, Injiniya?"

Sifanar na kan notin. Juyi ɗaya, ɗan murɗi baya, a ɗaure, ko kofin shayi ba za a gama sha ba. Absalom ya sani. Amma mota ta mutum ce, ya ba da ita ba a roƙe shi sau biyu ba, ya kuma ɗauki ransa zai kai inda kowa ke gudowa. Wanda aka ba aron riga ba ya cewa a rage mata hannu. Ban da haka, can ƙasan zuciyarsa akwai wata murya da ke son gudun nan, duk gudun, har na ƙarshe.

Ya zare sifanar. Ya rufe bonet.

Suka haye gada kamar an harba su.

Hannunsu na titin fayau yake, babu mai tafiya arewa sai su. Ɗaya hannun kuwa duniya ce ta taso. Motocin haya da mutane har a but, a-kori-kura da katifu, Keke Napep da bai taɓa barin gari ba, mata da ƙullin kaya a ka, wani dattijo yana tura matarsa a baro. Duk wanda suka wuce sai ya bi su da kallo kamar ya ga mahaukata. Kafin su ankara sun bar Girei a baya.

"Ka gani?" Bappayo ya buga sitiyari. "Ka ji muryar? Da ka sauke da yanzu muna bayan baron tsohon can!"

Absalom ya karkatar da kai. Kunnensa na cikin injin.

Bayan Song ya fara ji. Ƙarar siririya ce, kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin madara ana kaɗawa. Tana zuwa in Bappayo ya taka totur, ta ɓace in ya ɗaga ƙafa.

"Rage. Sauko giya."

"Me kuma?"

"Tana ƙwanƙwasa. Man na fashewa tun kafin lokacinsa. Tsaya in sauke."

"A nan? Ka ga wajen tsayawa? Duwatsun hanya ne ke dukan ƙasan mota."

"Ni za ka koya wa kukan inji?"

"Kai ma ba kai za ka koya mini tuƙi ba. In mun kai Gombi sai mu tsaya."

"Bappayo!"

"Gombi, na ce! Ga ta can gaba!"

Allurar zafi ta soma hawa. Gabansu wani dogon hawa ne, wata tirela ta taho ta cinye rabin hanyarsu, Bappayo ya kauce ya danna totur har ƙasa don ya wuce kafin ta rufe su. Tsakuwar gwangwani ta koma guduma. Kunama ta yi wata irin shaƙuwa, ta yi tsalle, farin hayaƙi mai warin baƙin mai ya turnuƙe bayansu. Suka gangara gefen titi a hankali, babu ko tari.

Absalom ya fita, ya naɗe hannu da riga ya kwance fulogi. Na farko lafiya. Na biyu bakinsa ya narke, an yayyafa masa wasu ɗigo masu ƙyalli kamar azurfa. Ya zura waya ta ramin. Wayar ta wuce inda ya kamata ta tsaya, ta yi ta tafiya. Fistin ya huje.

Bappayo na tsaye a bayansa, hannu biyu a ka.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Asabar..."

Absalom ya juyo ya dube shi. Ya jefa fulogin a aljihu, ya hau titi ya soma gudu da ƙafa, yana fuskantar inda kowa ya ba baya.

Ya yi gudu har ƙirjinsa ya ɗauki wuta, ya koma tafiya, ya sake gudu. Ya ɗaga wa duk abin da ke da taya hannu, amma duk kudu suka nufa. Rana ta karkata kafin wata a-kori-kura da ta sauke mutane ta juyo za ta ƙara kwaso wasu. Direban ya ce ya ɗale baya. Motar tsohuwa ce, tana tafiya tana nishi, injinta a sanyaye kamar na injin niƙa. Absalom na jin taimin ɗinta a ƙasa yake. Ba ta gudu, amma ba ta tsaya ba ko sau ɗaya.

Gaba da Hong suka tarar da shingen sojoji. An gindaya itace da ganguna. Wani soja da idanunsa suka yi ja don rashin barci ya ɗaga hannu.

"Ba wucewa. Ku juya."

"Ofisa, matata tana gaba kaɗan, gindin tsamiya, wajen burtsatse. Ciki gare ta."

Sojan ya nuna gabas da haɓa. Hayaƙi ne baƙi ya miƙe sama, daga can kuma ana jin ƙarar bindiga jefi-jefi kamar ana fasa gyaɗa.

"Tun la'asar suka shigo wurin. In na bar ka ka wuce, gawarka zan ƙara a kan aikina."

A gefen shingen wata motar shanu na tsaye, an sauke mutanen cikinta ana bincike. Absalom ya kutsa cikinsu yana ƙwala kira. "Keturah! Keturah! Wa ya ga Keturah, malamar makaranta, mai ciki?"

Wata mata gajera, ƙafafunta naɗe da yagaggen zane, ta riƙo rigarsa.

"Kai ne Abso?"

"Ni ne! Ke ce Munirat? Tana ina?"

Matar ta dube shi daga sama har ƙasa, ta leƙa bayansa kamar tana neman wani abu.

"Ina motar?"

Ya shafa aljihun da fulogin yake ciki.

"Ina mota mai gudun?" in ji ta. "Motar farko ya tafi, ta ƙi hawa, na zauna da ita. Wannan ya zo, shi ne na ƙarshe, direba ya ce ta shiga gaba, kusa da shi, saboda cikin. Gaba fa! Na ja hannunta, na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da Yesun da take bi. Ta ce a'a, maigidana ya ce in zauna inda nake, in na tafi zai zo bai same ni ba, zai wuce ciki nemana su kashe shi. Ta ce motarsa kamar iska ne, yanzu zai iso." Ta saki rigar. "Muna tashi muka ji baburansu. Ina waige ina ganin ta, tana zaune tana kallon hanyar Yola."

Sojoji uku ne suka danne Absalom a ƙasa kafin ya daina ƙoƙarin tsallake gangunan.

An ɗage bikin Raliya. Absalom ya rufe gareji ya shiga nema. Ya bi makarantu da coci-coci da masallatan da aka zuba 'yan gudun hijira. Ya je sansanin Malkohi ya bi tanti-tanti da hoton aurensu a hannu, har yaran wurin suka san shi, mata na ganin sa su kau da kai. Da aka buɗe hanya ya je gindin tsamiyar. Ya tarar da burtsatsen, ya tarar da bishiyar rabinta a ƙone. Babu wanda ya ce ya ga gawarta, babu wanda ya ce ya gan ta da rai. Fasto ya tambaye shi ko za a yi addu'ar jana'iza, ya ce a'a.

Ranar da ya sake buɗe gareji, sai ga motar janwe ta shigo da Kunama. Bappayo ya sauko, ya rame, ya tsuguna a gabansa kamar yadda ake tsuguna wa manya.

"Soobajo, ba ni da bakin magana. Allah ne ya ƙaddara. Dada, mahaifiyata, ma kullum sai ta sa Keturah a addu'a."

"Na gode."

"An sa bikin wannan Asabar ɗin. Ba don raina na so ba, dangin ango ne suka matsa." Ya share fuska. "Na sayo wani injin, an riga an ɗora. Saiti kawai ya rage. Na kai wa mutum biyu, babu mai kunnenka. Na ce ko aikin zai ɗan ɗauke maka hankali. Kuma wannan karon ba ruwanmu da 'yan bumburutu, ga mai na kawo, tsantsa."

Ya buɗe but. Jarkoki biyu ne manya, an toshe bakinsu da leda, ƙura ta kwanta a kafaɗunsu, gizo-gizo har ya yi saƙa tsakanin hannayensu.

Absalom ya shafa ƙurar da yatsa. "Yaushe ka sayi wannan?"

"Ai tun da aka sa ranar bikin ta farko na ajiye su a gida, don kada ranar a rasa mai ky..."

Ya bi jarkokin da kallo.

Daga garejin zuwa gidan su Bappayo a Wuro Hausa, a gudun Kunama, tafiya ce da ba ta kai a ɗaura alwala a yi salla ba.

"Wallahi mantawa na yi," in ji Bappayo. "Abso, wallahi tallahi a ranar ban tuna ba. Ka yarda da ni."

Wataƙila gaskiya ya faɗa. Absalom ya dube shi ya ga ko shi kansa bai sani ba.

"Tayar da ita."

Bappayo ya shiga da rawar jiki ya murɗa makulli. Absalom ya kwance notin, ya kama distibuta, ya karkatar da kunne. Ya murɗa gaba a hankali. Injin ya soma washewa, ya ɗauki murya, can sai ga ta, ainihin kukan nan na ranar Alhamis, salansa ta tofa wuta.

"Ita ce!" Bappayo ya yi ihu bai san ya yi ba. "Ɗaure!"

Absalom ya bar shi ya ji ta sosai. Sannan ya murɗa baya. Ya ƙara murɗawa. Kukan ya dusashe, ya yi kauri, ya koma gurnanin tsohuwar a-kori-kura. Nan ya ɗaure. Ya cire kan batir, ya janyo wayar walda, ya sa baƙin gilashi, ya like notin da maƙallinsa har suka zama ƙarfe ɗaya.

"Me ka yi haka?" Bappayo ya fito yana kallon ƙarfen da ke huci. "Ka kashe ta!"

"Yanzu ko kananzir zalla ka zuba mata za ta kai Hong." Ya zaro narkakken fulogin daga aljihu ya ajiye masa a tafin hannu. "Ga alama. Ka taɓa tambaya ko na sa."

Ranar Asabar Umair ya yi wasansa shi kaɗai. Bappayo bai kai motar wajen kowa a yanke waldar ba, bai kuma sake takowa garejin ba. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da ita.

Wani direban haya ne ya saya. Har yau tana nan, an yi mata fenti, an ƙara mata kariyar ɗora kaya a sama, tana lodin Mubi. Garejin Absalom na kan hanyar gada, don haka kowace safiya sai ta wuce ta gabansa da fasinja har a but, tana gurnani a sanyaye. Ba ya buƙatar ɗago kai, kunnensa ya san ta. Takan wuce Song, ta haye hawan nan, ta wuce Hong, ta wuce gindin tsamiya, da yamma kuma ta dawo lafiya lau.